Ai Ba Tare da Shi Kika Sha Ba

Tun muna yara ake ce mana 'yan biyu, ni da 'yar Goggo, alhali ta ba ni wata uku kuma ko a hanci ba mu yi kama ba. In baƙo ya tambayi dalili sai a kwashe da dariya a ce ai nono ɗaya muka sha. Labarin ya zama na hira a gidanmu na unguwar Gangare da ke Jos, ana ba da shi yadda ake ba da labarin ranar da kasuwar Taminus ta ƙone, kowa da inda yake ƙara gishiri.

Asalinsa kuwa wata Juma'a ce, 7 ga Satumba, 2001, ina da wata huɗu a duniya. Kakana na wajen uwa yana kwance a wani asibiti can wajen Bukuru, Umma ta yi masa girki za ta kai. Ba a shiga ɗakin majinyata da jariri, sai ta ba ni nono na ƙoshi, ta miƙa ni ga Goggo, yayar Baba, ta ce kafin la'asar tana gida. Duk ɗan Jos ya san rikicin da ya ɓarke a Juma'ar nan. Hanya ta yanke, aka sa dokar hana fita, ga shi lokacin wayar hannu ba ta zo hannun talaka ba, babu mai jin labarin wani. Umma ta maƙale a asibiti nono na zuba har yana jiƙa mata zane. Sai ranar Talata ta samu shigowa gari. Kwana huɗun nan nonon Goggo na sha.

Goggo tana da babban ɗa da ya girme ni da shekara shida. Yaya nake ce masa. Shi yake riƙe hannuna mu tsallaka titi in za a kai ni makaranta, shi ya fara saya min littafi da kuɗinsa. Ban san ranar da abin ya tashi daga zumunci ya koma so ba. Da na gama sakandare a 2019, shi kuma ya buɗe shagon gyaran waya, manya suka ce ai tuwona maina. Bayan Babbar Sallah aka sa rana, aka ce Disamba. Lefe akwati huɗu aka kawo, na jera su a ɗakin Umma, kullum sai na buɗe na shaƙi ƙamshin atamfa na mayar.

Ba wai an manta da zancen nonon ba ne. An tuna. Da kunnena na ji wata kakarmu ranar sa rana tana cewa, "Ai ba tare da shi ta sha ba, da ƙanwarsa ta sha. Shi lokacin har ya shiga firamare." Kowa ya gyaɗa kai aka ci gaba da rabon goro da alawa. Haka yawancin mutanenmu suka ɗauka: wanda kuka yi tarayya a nono lokaci ɗaya shi ne ɗan'uwanka, sauran babu ruwansu.

Wata safiyar Asabar cikin Oktoba muna Islamiyya, malama tana karanta mana babin aure a Risala. Ta zo kan shayarwa ta ce a mazhabarmu ta Malikiyya duk nonon da ya isa cikin yaro a shekara biyunsa na farko yana haramta aure, ko tsotsa ɗaya ce. Ta ce Shafi'iyya su sai an kai shayarwa biyar. Matar da ta shayar ta zama uwa, mijinta ya zama uba, 'ya'yanta duka sun zama 'yan'uwa, har da 'ya'yan da mijin ya haifa da wata matar. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.

"Malama, har wanda aka yaye tun kafin a haifi yarinyar?"

"Har shi," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi daga littafin ba. "Ba da ɗan ake ƙulla zumuntar ba, da uwar ake ƙullawa."

Kwana tara na yi ban faɗa wa kowa ba. Zan faɗi gaskiya tunda don a ƙaru nake rubutun nan: na so in yi shiru har abada. Na ce wa kaina manya sun riga sun yanke, ni wace ce. Na laluba ko maganar shayarwa biyar za ta cece ni, sai na tuna kwana huɗu ne, jaririya 'yar wata huɗu, sau biyar ai kafin gari ya waye an wuce. Yaya yana zuwa zance da daddare yana lissafa min yadda zai yi wa ɗaki fenti, ni ina kallon ƙasa. A dare na tara na samu Baba bayan ya idar da shafa'i da wuturi, na durƙusa na faɗa masa. Bai ce komai ba. Da asuba ya tsaya da liman. Ranar bai dawo gida ba sai bayan isha'i, kuma da na ga yadda ya cire takalmi na san amsar.

Da daddare aka mayar da lefe a Keke don kada unguwa ta gani, unguwa kuwa ta gani. Wasu 'yan'uwa ni suka ɗora wa laifi. Wata ta ce min, "Karatun nan naku na yanzu, da kin ja bakinki wa ya sani?" Ni kuma na tattara nawa haushin kaf na ɗora wa Goggo. Na san babu hankali a ciki, amma zuciya ba ta tambayar hankali in tana neman inda za ta sauke kaya. Na ce me ya hana ta ba ni koko, me ya hana ta ba ni ruwan sukari. Na daina zuwa gidanta. In mun haɗu a biki in gaishe ta a tsaye in wuce. Na kuma yi wa kaina alkawari cewa in Allah ya ba ni haihuwa, ɗana ba zai ɗanɗani nonon wata mace ba ko da sama da ƙasa za su haɗe.

A 2021 na auri wani bawan Allah mai sana'ar kayan gwari a kasuwar Farin Gada, yana loda kabeji da karas da dankalin turawa zuwa Kudu. Mutum ne mai haƙuri, ya san labarina tun kafin ya fito, bai taɓa goranta min ba. A tsakiyar 2023 kuma Yaya ya auri ƙanwata da muke ciki ɗaya. Halal ne, don ita ba ta sha nonon Goggo ba, haramcin a kaina ni kaɗai ya tsaya. Na je bikin da ƙaramin ciki, a matsayin yayar amarya kuma ƙanwar ango. Na yi anko, na yi liƙi, na dawo gida na rufe ƙofa. Wannan ya isa a kan wannan.

Cikin ya zo min da kumburin ƙafa da ciwon kai, wani lokaci in riƙa gani dishi-dishi. Tsofaffi suka ce cikin fari ne, haka yake. Na tsallake awo sau biyu saboda sanyi da ƙiwa, kuma wannan laifina ne ba na kowa ba. Farkon Disamba, cikin irin sanyin nan na Jos da ruwan randa ke zama kamar ƙanƙara, jijjiga ta kama ni tsakar dare. Cikin yana sati 32. Abin da aka gaya min shi ne jinina ya hau ƙwarai, aka shiga da ni tiyata aka ciro yarinya. Ban dawo hayyacina sosai ba sai bayan kwana biyu.

A keken marasa lafiya aka tura ni na je na gan ta. Kilo 1.4. Tana kwance a cikin kwalba, fatarta ja, haƙarƙarinta na shiga yana fita kamar na ɗan tsako, hular da aka saka mata ta rufe har girarta. An zura mata wata 'yar siririyar roba ta hanci zuwa ciki, an manne da filasta a kumatu. Tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba. Ana cewa akwai kunyar ɗan fari, Umma har yau ba ta kiran sunana. Ni dai a gaban kwalbar nan ban san inda kunya ta shiga ba, na yi kuka a gaban surukata da kowa.

Kusa da sashen jariran akwai ɗan ɗaki da benci biyu inda iyaye mata ke zama suna tatsa a kofi, kowane kofi da sunan mai shi a jikin filasta. Bakwaini ba ya iya tsotsa, sai an tatsa an ba shi ta robar hanci. Na zauna na matsa, na matsa, har ƙirjina ya yi tsami, ɗinkin tiyata yana ja na. Ɗigo uku. Wata nas ta zo da ƙaramin sirinji ta zuƙe ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince zinare. Dakashi ne, wanda a gida tsofaffi ke cewa a matse a zubar wai datti ne. Ta ce shi ne rigakafin farko na yaro. Amma ɗigo uku ba ya riƙe rai. Hajiya, surukata, ta zo da fulas ɗin kunun kanwa wai ya kawo ruwan nono, likita ta hana, ta ce kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi suna wahalar da zuciyar mai jego, balle ni da hawan jini. Hajiya ta tafi da fulas ɗinta tana cewa su da suka sha ba su mutu ba.

Da aka ga shiru sai aka gwada madarar gwangwani ta bakwaini. Kwana biyu cikinta ya kumbura yana sheƙi, aka zuƙo wani ruwa kore ta robar. Nan take aka tsayar da abinci aka bar ta da ƙarin ruwa. Likitar ta zaunar da mu ni da maigidana ta yi mana bayani da Hausa. Ta ce hanjin bakwaini bai gama nuna ba, akwai wata cuta da ke cin hanjin irinsu har ya ruɓe, kuma ta fi kama waɗanda ake ba madarar gwangwani fiye da masu shan nonon mutum. Ta ce in nawa bai zo ba, abin da ya fi shi ne na wata uwar, in an gwada jininta. Ranar aka yanka ragon suna a gida, jaririya tana kwalba, mai jego tana asibiti, babu wanda ya san ko sunan zai daɗe.

A ɗakin tatsa akwai wata mata da nake ce wa Anti, ta kai shekara talatin da wani abu, haihuwarta ta uku. Ɗanta shi ma bakwaini ne, sun riga mu zuwa da sati uku. Allah ya hore mata nono. Ta cika kofi biyu kafin ni in jiƙa gindin nawa, ɗanta ya sha abin da zai sha, sauran ta juye a wurin wanke hannu. Ina kallon farin nan yana bin rariya. Kirista ce, da ƙaramin gicciye a wuyanta, tana sayar da ganye a kasuwa. Rannan ta ajiye kofinta ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, ni ina zubarwa ke kina kuka. Wannan ba daidai ba ne. Ki gaya wa likita."

Na ce mata na gode, ba ma buƙata. Yadda na faɗa har yau in na tuna sai in ji nauyi. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, wannan gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ce gaskiyar ba. Gicciyen ma na gani. Na tashi a garin da aka raba unguwanni, an koya mana inda ake shiga da inda ba a shiga, kuma abin yana cikin jikina ko ban so ba.

Da maganar ta je kunnen Hajiya sai ta ce sam. Ta ce hali a nono ake shan sa, wa ya san abin da matar nan take ci take sha. Ta ce a nemo nonon akuya, ko a jiƙa dabino a zamzam. Aka lissafa masu goyo a dangi, ɗaya tana Kano, ɗaya kuma mijinta ya ce a'a, yana da 'ya'ya maza, ba ya son a toshe ƙofar zumunci nan gaba. Ban ga laifinsa ba, ni ce shaidar abin da yake gudu. Maigidana dai bai ce komai ba, ya sa hularsa ya tafi wurin malaminsu.

Washegari da hantsi Goggo ta zo. Shekara huɗu ke nan rabon da mu zauna. Ta tsufa, tana dogara sanda. Ta leƙa yarinyar ta gilashi ta daɗe, sannan ta zo ta zauna a bakin gadona. Na gaishe ta, ta amsa a gajarce. Sai ta ce, "An ce kin ƙi."

Na yi shiru.

Ta ce, "Kin taɓa tambayata yadda aka yi? Kowa yana ba da labarin yana dariya, ni ban taɓa dariya ba. Sai da na ba ki ruwan sukari a cokali, kika furzar. Na dama koko na tace a ɗankwali, kika amayar. Tun la'asar kike kuka har dare ya raba, maza suna waje, hayaƙi ya cika gari, mun kashe fitila. Can sai kukan ya daina fita. Bakinki a buɗe, babu murya. Na taɓa maɗigarki na ji ta faɗa. Ban yi shawara da kowa ba, na ɗaga riga." Ta gyara riƙon sandarta. "Na raba ki da miji, na sani. Da rashin sanina aka kai ga lefe, wannan ina neman gafarar Allah. Amma ga ki nan da ranki kina jin haushina shekara huɗu. Ki bar ita ma ta girma ta ji haushin wani."

Ban iya ce mata komai ba. Hannunta na kama, duk ya yi kaushi.

Da yamma maigidana ya dawo da amsar malam. Ya ce a Suratul Baƙara, a ayar da ta ce uwaye su shayar shekara biyu cikakku, a nan Allah ya ce babu laifi in kun ba da 'ya'yanku a shayar muku. Ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Suwaiba ta shayar da shi kafin Halimatus Sa'adiyya, har Sayyidina Hamza ya zama ɗan'uwansa ta nonon Suwaiba. Game da macen da take Ahlul Kitabi kuma, ya ce Imamu Malik bai so ba saboda abin da za ta iya ci ko sha, amma ba haramun ba ne, balle ga lalura. Maigidana ya tambaye shi ko tunda ta roba za a ba ta, ba tsotsa za ta yi ba, hukuncin ya faɗi. Malam ya ce a'a, malaman mazhaba tun da can sun ambaci nonon da aka ɗura ta baki da wanda aka ɗura ta hanci, duk ɗaya ne. Sai ya ce masa, "Ku karɓa, amma ku rubuta." Hajiya ta ce tunda malam ya faɗa ita ta cire hannunta. Ba ta ce ta yarda ba.

Na je na samu Anti na ba ta haƙuri. Ta ce in bar zancen. Daga baya take gaya min ita ma ba da sauƙi ta samu ba. Uwar mijinta ta ce kada ta kuskura ta ba Hausawa nononta, za su kai wa malamai a yi asiri ya ƙafe. Mijinta kuwa shagonsa ya ƙone a rikicin Nuwamban 2008, har yau bai farfaɗo ba, da ƙyar ya ce ta yi abin da ta ga dama. Ashe yadda muke tsoronsu haka suke tsoronmu, kowa da tsohuwar da ke hura masa kunne.

Aka ɗebi jininta aka gwada cutar ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere, duk babu. Likita ta ce wannan gwajin ba raini ba ne, ko 'yar'uwata ta ciki ɗaya ce sai an yi, don ƙanjamau yana bi ta nono kuma mai ɗauke da shi kan yi shekaru ba ta sani ba. Duk da haka sai nas ta zuba nonon a kwalba mai murfi ta tsoma a tukunyar ruwa a kan wuta, ta sauke ta bari ya huce. Mililita 2 aka fara da shi, bai kai rabin ƙaramin cokali ba. Nas ta haɗa sirinjin da robar hanci ta ɗaga shi sama, ba ta danna ba, ta bar shi yana sauka da kansa. Na tsaya ina bin farin da ido yana tafiya cikin robar a hankali, ya zagaya filasta ya shige. Na ce bismillahi. Anti tana bayana ita ma tana motsa baki da tata addu'ar. Bayan awa uku aka zuƙa a gani, babu kore. Aka ƙara. A rana ta biyu yarinyar ta yi kashi, nas ta ɗaga ƙunzugun tana nuna mana, muka yi ta murna kamar an ce mun ci kujerar Makka.

Na sa maigidana ya sayo littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Na rubuta ranar da aka fara, da sunan Anti da na mijinta, da ƙauyensu na asali, da sunayen 'ya'yanta uku, maza biyu da mace, na bar fili a ƙasa saboda waɗanda za ta haifa nan gaba. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ke ƙanwata, yarana da 'yarki ai ko ba nono aure ba zai haɗa su ba." Na ce duniya ce, mutane suna canjawa, gari yana canjawa. Na ce ko ba don aure ba, ya kamata yarinya ta san wanda ke bin ta bashi. Sai na ba ta labarina. Ba ta sake dariya ba, ta karɓi biro ta sa hannu, maigidana da wata nas suka yi shaida.

Maganar lada ta so ta ɓata mu. Alƙur'ani ya ce a ba mai shayarwa ladanta, maigidana ya ƙunsa kuɗi a ambulan. Ta mayar da fuska a murtuke ta ce ita ba saniya ba ce da za a sayi nononta. Sai muka jira Kirsimeti ta matso, muka kai mata atamfa da sabulu da rabin buhun dankali, wannan ta karɓa.

Nawa nonon ya zo a kwana na goma sha biyu, bayan an fara ɗora min yarinyar a ƙirji fata da fata ana ɗaure mu da zane, abin da suke kira goyon kangaru, ina kuma tatsa duk bayan awa uku har cikin dare. Kafin ya wadata aka sallami ɗan Anti. Kwana biyu mijinta yana kawo nonon da safe a cikin kula da ƙanƙara. Yakan miƙa wa nas ya juya, bai taɓa gaishe mu ba, kuma bai taɓa makara ba. Duka-duka kwana tara 'yata ta sha nononta. A tsakiyar Janairun 2024 aka sallame mu tana kilo 1.8.

A dararen nan na tatsa, barci ba ya zuwa, na yi ta karance-karance a waya. Ashe a wasu ƙasashe har bankin nono ake da shi kamar na jini. An fara a Biyana ta ƙasar Ostiriya tun 1909, Burazil ta fi kowa yawansu, Kenya ta buɗe nata a asibitin Pumwani da ke Nairobi a 2019. Ana gwada matan, a dafa nonon a zafin digiri 62.5 na minti 30, a daskarar. Sai dai sau da yawa ana gauraya na mata da dama, mai karɓa ba ta san mai bayarwa ba. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta hana kafa irinsa a zamanta na Jidda a 1985, ko da yake Sheikh Yusuf Ƙardawi ya halatta, shi yana ganin sai an tsotsa daga ƙirji ake zama uwa. Ni ba malama ba ce. Amma wadda aka mayar wa lefe a Keke ba za ta ba 'yarta nonon da ba ta san mai shi ba. Kuma wadda ta ga ruwa kore yana fita daga cikin 'yarta ba za ta ce a zubar da nono a rariya ba. Abin da muka yi a ɗakin nan da littafin 'yan makaranta, ban ga abin da zai hana asibitocinmu su mayar da shi tsari ba, mace ɗaya ga jariri ɗaya, da gwaji, da rajista.

Yanzu yarinyar ta cika shekara biyu, na yaye ta. Tana da ƙiriniya da taurin kai. In ta yi wata ɓarnar Hajiya kan ce, "Wannan dai ba daga gidanmu ba," maigidana ya ce, "Hajiya, ai ku kuka ce ni ma haka na yi." Da Anti kuwa ba zan ce mun zama aminai ba. Muna waya da Sallah da Kirsimeti. In za mu haɗu a Taminus muke haɗuwa, don ita ba ta sakin jiki da shigowa unguwarmu, ni ma maigidana ba ya son in shiga tasu. Mukan tsaya a bakin wani shago, ta ɗauki yarinyar ta juya ta tana duba ƙiba, ta ce min ban iya ba yaro abinci ba.

Ranar da na kai yarinyar gidan Goggo yaye, kamar yadda ake kai wa kakanni, na tafi da littafin a jaka don in nuna mata. Goggo ba ta yi boko ba. Ta riƙe shi a juye, na gyara mata, na karanta mata sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ta shafa wurin da Anti ta sa hannu. Sai ta buɗe shafi na gaba ta ga babu komai.

"Nawa fa?" in ji ta.

Na ce, "Goggo, ai naki kowa ya sani."

Ta ce, "Da ma kowa ya sani aka kawo lefe. Ɗauko biro."

Na rubuta Juma'a, 7 ga Satumba, 2001. Ta lissafo min 'ya'yanta bakwai tun daga kan Yaya, har da biyun da suka rasu suna ƙanana, da huɗu na kishiyarta. Da na gama ta aiki jikanta ya ɗebo mata baƙin tukunya a murhu, ta shafa a babban yatsa ta dangwala a ƙasan shafin.